Yadda zaka gane mazarin damina mai ruwan ɗorawa da irin ruwan da yake haihuwa a ciki

Jama'a wannan mazarin da zan yi magana a kansa kusan kowa ya taɓa ganinsa sai dai in mutum bai ɗaga kai ba. Shine wanda zaka ga sun cika sama da damina, musamman in an ɗauke ruwa rana ta ɗan buɗe, suna ta shawagi a saman filin ƙwallo ko gonar gero ko ma bakin tasha, wani lokacin kamar an watsa su da kwando. Mu dai duk mazari muke ce musu, sunansu ɗaya da mazarin da tsofaffi ke kaɗin auduga dashi, amma fa kala-kala ne, sama da iri 6,000 aka sani a duniya, Afirka kaɗai tana da sama da 700. Wannan ɗin masana suna ce masa Pantala flavescens, wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ne ya fara rubuta bayaninsa a 1798. Ni mazarin damina nake ce masa don sauƙin baki, laƙabi ne kawai na saka masa.

Tun kafin mu je ko'ina bari in faɗa maka abin da ya ɓata min lokaci sosai, wato bin launi. Na ɗauka duk mazarin da na gani ruwan ɗorawa shikenan shine, ashe da yawa daga cikin matan mazaran da ke bakin ruwa ruwan ɗorawa ne, har da samarin mazan da basu gama nuna ba. Don haka tsarin da nake bi yanzu, in fara kallon ruwan, sannan yadda ƙwaron yake tashi, launi shine na ƙarshe.

Kayan da zaka ɗauka

Ba wani abin kashe kuɗi bane. Wayarka mai kyamara, ƙaramin littafi da biro, rula irin ta 'yan firamare, farin faranti ko farar roba mai ɗan zurfi, da tsohuwar rariya ta roba wadda uwargida ta yafe (ka tambaya fa, kar ka ɗauko ta tatar koko a yi rigima). In kana son kamawa sai ka haɗa raga, ka samu waya mai ƙarfi ka lanƙwasa ta ta zama zobe kamar faɗin faifai babba, ka yanko tsohon gidan sauro ka kai wa tela ya ɗinke maka shi kamar jaka mai zurfi, zurfin ya ninka faɗin bakin sau biyu don ka iya naɗe ta in ƙwaro ya shiga, sai ka ɗaure a jikin gora ko sandar mofa.

Takalmin roba dogo irin na masu noman shinkafa yana da muhimmanci, ba don gayu ba. Ruwan kwance a ƙasarmu akwai tsargiya, ƙananan katantanwa ne ke ɗauke da ita, kuma har ƙananan kududdufan damina da ke ƙafewa ana samun irin katantanwar a cikinsu. Ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Kar ka shiga ƙafa ba takalmi, kar ka riƙa cusa hannu, rariyar ma gara ka ɗaura mata mariƙi. Sannan ka sa kaya marasa ɗaukar ido, ruwan ƙasa ko ruwan toka, farar shadda ka bar ta sai Juma'a.

Wani abu kuma, yadda zamani ya zama mutum ya tsaya bakin ruwa da raga da waya yana ɗaukar hoto dole a tambaye shi. Ka yi sallama, ka nemi izinin mai gona, in ƙauye ne ka gaisa da mai unguwa, kar ka ɗaga waya inda mata ke wanki ko inda jami'an tsaro ke gadin dam. Yara kam zasu biyo ka ko ka ƙi ko ka so, ka ja su a jiki, idonsu ya fi naka.

Lokacin fita

Daga faɗuwar ruwan shuka har zuwa kaka, amma ni na fi ganinsu da yawa daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. A yini kuma daga hantsi zuwa azahar suke cin kasuwarsu a bakin ruwa, sai kuma gab da hadari in iska ta tsaya gari yayi zafi ƙananan ƙwari suka taso. Ranar da shinge, wato gara mai fiffike, ya fito kuwa ba a magana, biki suke. Da hunturu in ka je nemansa a kududdufin da ya bushe ka ɓata man mashin ɗinka.

Mataki na farko, ka karanta ruwan

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe a nan. In ka isa kar ka fara bin ƙwaro da gudu, samu wuri ka tsaya rana tana bayanka, ka yi minti goma kana kallon ruwan kawai, ka tambayi kanka abu huɗu ko biyar.

Ruwan nan yana tafiya ne ko a kwance yake? Mazarin damina ba ruwansa da rafi mai gudu ko ƙorama mai duwatsu, ɗan ruwan kwance ne.

Ruwan yana kai rani ko yana ƙafewa? Wannan ita ce babbar tambayar. In baka sani ba ka tambayi masu kiwo ko masu buga tubali a wurin, su zasu gaya maka "ai wannan kafin a gama girbin dawa ya tafi". Ko ka duba da kanka, in ka ga ciyawar tudu ce ruwa ya shanye, kana hango ta tsaye a ƙarƙashi, toh sabon ruwa ne. In kuwa ka ga bado ya shimfiɗa ganye, ga kainuwa, ga kacalla ta yi duhu a gefe irin yadda ta cika fadamun Haɗeja da Nguru, wannan tsohon ruwa ne mai zama, zaka samu mazarai da yawa a wurin har su fi na ko'ina kyau, amma masu gida a nan wasu ne daban.

Akwai kifi? Ka duba gefe ko zaka ga 'ya'yan karfasa suna wulƙawa, ko yara da fatsa. Kifi shine babban maƙiyin 'ya'yan mazari, kuma 'ya'yan mazarin damina basu iya ɓuya ba, yawo suke a fili suna farauta, in akwai kifi da yawa abincin rana ne kawai zasu zama. Shi yasa uwar take neman ruwan da kifi bai riga ya shiga ba.

Zurfinsa fa, kuma rana tana dukansa? Wanda yake so mara zurfi ne, daga idon sawu zuwa gwiwa, a fili ba inuwa, in ka taɓa da sanda ka ji ƙasan laka ne ko yashi, ruwan yayi ɗumi da rana. Ɗumin nan shi ke sa 'ya'yan girma da wuri.

In ka haɗa waɗannan zaka ga irin wuraren da nake nufi duk mun san su: ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya taru, ramukan bakin titi inda aka ɗebi jar ƙasa lokacin aikin hanya, fadamar da ruwa ya kwanta a cikinta na wata biyu, sabon fegin shinkafa da aka sakar wa ruwa irin na wajen Kura da Kadawa, tankin siminti da aka bari a buɗe a wurin gini, har wurin wanka na otal da aka daina kula dashi. Tsofaffin kududdufan cikin gari da kwata ke zuba a cikinsu ruwan yayi baƙi yana wari, waɗannan ba kasafai nake samun komai a cikinsu ba sai sauro.

Dalilin da yasa yake iya wannan cacar da ruwa mai ƙafewa shine sauri. Daga ƙwai zuwa ya fito da fiffike wata ɗaya da 'yan kwanaki ne zuwa wata biyu, alhali akwai mazaran ƙasashen sanyi da ɗansu ke shekara biyu ko fiye a cikin ruwa. Tsere yake da rana, in kududdufin ya riga shi ƙafewa shikenan an yi asara, in ya riga shi kuma ya tashi ya bi iska zuwa inda ruwa ke sauka.

Mataki na biyu, mazari ne ko siririn ɗan uwansa

Wannan ba wuya. A cikin ciyawar bakin ruwa zaka ga wasu 'yan sirara kamar tsinken ashana ko allura, shuɗi da baƙi ko ruwan goro, tashinsu a sanyaye, in sun sauka mafi yawansu sai su haɗe fukafukai a bayansu, idanunsu a rabe ɗaya can ɗaya can kamar kan guduma. Dangi ne amma ba su muke nema ba. Namu mai kauri ne, idanunsa manya sun haɗe a saman kai sun kusa cinye kan gaba ɗaya, in ya sauka fukafukansa a buɗe suke.

Mataki na uku, kalli yadda yake tashi

Mazarai kashi biyu ne a wajen hali, akwai masu zama akwai masu yawo. Masu zama zaka ga ɗaya ya kama tsinin kara ko dutse, ya tashi fir ya cafko ƙwaro ko ya kori wani, ya dawo daidai inda ya tashi, kamar mai gadin ƙofa. In mazarin da kake kallo haka yake yi, yana sauka kowane minti a kan kara a kwance, kusan ka cire mazarin damina daga lissafi ko da launinsa ɗorawa ce shar.

Shi mazarin damina ɗan yawo ne. Zai iya shafe awanni bai sauka ba. Tashinsa kuma daban ne, sai ya kaɗa fiffike kaɗan sai ya sake su ya bar iska ta ɗauke shi, kamar yadda shirwa take yi, ya juyo ya dawo, yawanci sama da kan mutum kaɗan, kuma da wuya ka ganshi shi kaɗai. Suna son gefen bishiya ko gini inda iska ta karye ƙananan ƙwari suka taru. In rana ta yi zafi sosai ka lura zaka ga wasu sun saki jelar ta lanƙwaso ƙasa suna tafe a haka. In ya tashi hutawa kuma baya zama a kan abu, rataya yake, ya kama reshe ko doguwar ciyawa jelarsa tana kallon ƙasa kamar an shanya shi. Da yamma liƙis ko da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi ka duba jikin bishiyoyin ƙaya da dogayen ciyayi kusa da inda ka gansu jiya, nan ne zaka same shi a nutse ka ɗauki hoton da kake so.

Mataki na huɗu, alamomin jiki

Yanzu ne muka zo launi. Tsawonsa daga kai zuwa ƙarshen jela wajen santimita 4 da rabi zuwa 5, in ya buɗe fiffike kuma santimita 7 zuwa 8 da ɗan wani abu. Fuskarsa ruwan ɗorawa ce, ta namijin da ya nuna tana komawa ja-ja. Idanun daga sama ruwan makuba ne daga ƙasa kuma sun yi fari-fari kamar toka. Abin da muke ce wa jela, wanda a gaskiya cikinsa ne mai gaɓa goma, yana da ɗan kauri daga gindi yana tafiya yana tsukewa, ruwan ɗorawa ko ruwan goro, da baƙin zane a tsakiyar baya wanda yake ƙara faɗi ya zama ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gaɓoɓin ƙarshe.

Amma alamar da ba ta ƙarya ita ce fiffiken baya. Ka kwatanta shi da na gaba, zaka ga gindinsa ya yi faɗi sosai ya bazu har kusan tsakiyar jela kamar hannun babbar riga, garau kamar gilashi sai ɗan ruwan zuma kaɗan a gindin. Wani namijin zaka ga ɗan duhu a can tsinin fiffiken. Akwai kuma ɗan tabo dogo a gefen gaba na kowane fiffike kusa da ƙarshe, kusan duk mazarai suna da shi, a wurin wannan na fiffiken gaba ya fi na baya tsawo, in hotonka ya fito da kyau ka zuƙo shi ka gani.

Wannan faɗin fiffiken shine jirginsa. Wani masanin halittun teku mai suna Charles Anderson da ya zauna a tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya ya lura duk shekara wajen watan Oktoba mazarai suna cika tsibiran, alhali wurin kusan babu ruwan daɗi a kwance da zasu haihu a ciki, ya bi diddigi ya fitar da bincikensa a 2009 cewa daga Indiya suke tasowa su ƙetare teku zuwa gabashin Afirka suna bin iskar damina, zuwa da komowa wajen kilomita 14,000 zuwa 18,000, ba ƙwaro ɗaya ke gama zagayen ba, kaka ne ke farawa jikoki su ƙarasa. Irin wannan dai da ke shawagi a bayan gidanku. Ana samunsa a Asiya da Amurka da Ostareliya, har tsibirin Ista da ke can tsakiyar tekun Fasifik ya kai. Namu na nan yankin ma ruwan sama suke bi, shi yasa zaka ga sun bayyana rana ɗaya kamar daga sama, don kuwa daga saman suke.

In sai ka kama, toh ga yadda ake yi. Kar ka bi shi, ba zaka taɓa cin masa ba, idonsa yana gani kusan ta ko'ina. Tsaya a hanyar da yake kai da komo, ka sauke ragar ƙasa ka yi shiru har ya saba da kai, in ya wuce ka sai ka kawo ragar daga bayansa ta ƙasa da sauri, ka murɗa hannu jakar ta naɗe bakin. Daga gaba in ka kai masa duka ko ya kauce ko ka fasa masa kai. Zaka yi ta kuskure, ni ranar farko sai da na kai hannu ya fi sau talatin yara suna ta min dariya kafin na samu ɗaya. In ya shiga ka sa hannu a hankali ka haɗe fukafukan huɗu a saman bayansa ka riƙe tsakanin yatsa biyu, kar ka kama jela, kar ka ja ƙafa. Baya harbi, bashi da ƙari ko kaɗan, iyakarsa ya ɗan cije ka da baki wanda bai kai cizon cinnaka ba. Ka ɗora rula a gefe ka ɗauki hoto ka sake shi, duk kar ya wuce minti biyu. In ka ga wanda fiffikensa ke ƙyalli kamar an shafa mai jikinsa kuma fari-fari da laushi, sabon fitowa ne, kar ka taɓa shi sam, fiffiken zai lalace.

Masu kama da shi da zasu ruɗe ka

Wadda ta fi ruɗa ni ita ce macen wani mazari da masana ke ce wa Crocothemis erythraea. Namijin kowa ya san shi, ja wur kamar barkono da jela mai faɗi kamar an danne ta, yana zaune a kan kara a bakin kusan kowane tafki. Macen kuwa ruwan ɗorawa ce mai duhu. Na taɓa ɗaukar hotonta har kala goma ina murna na samu mazarin damina a zaune, na ɗora a intanet da sunan Pantala, ba a yi awa biyu ba wani bawan Allah ya gyara min, kuma da na koma na duba gaskiyarsa ce, a kwance take kan kara, jelar gajera mai faɗi, fiffiken baya bai bazu ba. Da na bi tsarin tashi da ban faɗa ba.

Sai Tramea basilaris, shi wannan tare ma suke shawagi a garke ɗaya kuma tashinsu iri ɗaya, shima fiffiken bayansa da faɗi. Bambancin, yana da babban tabo mai duhu ja-ja a gindin fiffiken baya hagu da dama, in ka kalle shi daga ƙasa sai ka ga kamar jaki ɗauke da mangala. Namu bashi da mangala.

Akwai Tholymis tillarga, shi sai magariba ta kawo kai yake fitowa yana zirga-zirga da gudu dab da ruwa, namijin ja ne da tabon ruwan ƙasa da wani fari a gefensa a fiffiken baya. In ana kiran sallah ka ga ja yana wulƙawa a kan ruwa, shine. Akwai kuma wani ƙato, Anax ephippiger, launin yashi, namijin da ɗan shuɗi a gindin jela, shima ɗan kududdufin damina ne a yankin Sahel, amma ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba.

Sauran da zaka haɗu dasu su ma suna gaya maka wane irin ruwa kake. In kana tafiya a bakin babban ruwa inda ƙasa take fili, irin gaɓar dam ɗin Tiga ko tafkin Madarumfa a Nijar, ka ga wasu ƙanana baƙaƙe da baƙin ɗamara a kowane fiffike suna bin ƙafarka ƙasa-ƙasa kamar yadda suke bin shanu, Brachythemis ne, alamar babban ruwa mai zama. In ka ga ja ko mai sirkin shuɗi da ja wanda in ya sauka yake sauke fukafukai gaba su yi ƙasa, da tsakar rana kuma ya ɗaga jela sama tsaye yana nuna rana, dangin Trithemis ne, su ma sun fi son ruwan da ke daɗewa.

Mataki na biyar, ka tabbatar nan yake haihuwa

Ganin mazari yana shawagi a saman ruwa bai nuna nan ne gidansa ba, tunda mun ce matafiyi ne, zai iya zama cin abinci kawai ya tsaya. Shaida uku ake nema.

Ta farko zuba ƙwai. Zaka ga biyu a haɗe suna tashi, namiji a gaba ya kama macen ta bayan kai da ƙarshen jelarsa, suna saukowa tana dangwala ƙarshen jelarta a ruwa, su tashi su matsa gaba ta sake dangwalawa. Kowace dangwala ƙwai ne take saki, kuma a zubi ɗaya tana iya sakin ɗaruruwa har sama da dubu. Wani abin dariya da ban tausayi, in ka je wurin wankin mota da damina ka lura da motar da aka gama gogewa tana ƙyalli a rana, zaka ga suna zuwa suna dangwala jela a kan bonet ko rufin, ƙyallin ne yake musu kama da ruwa. Na taɓa tsayawa ina kallon haka a kan wata baƙar mota, bayan sun tafi na duba na ga 'yan ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa garin masara, mai wankin yana ta mita wai ƙwarin nan sun ɓata masa aiki. In kana son bambance namiji da mace a hannu, ka duba ƙarƙashin gaɓa ta biyu ta jela kusa da ƙirji, namiji yana da ɗan kumburi a wurin, mace nata a shafe yake.

Ta biyu 'ya'yan. Zuba ruwan kududdufin kaɗan a farar robarka, ka sa rariya ka ja ta cikin ciyawar da ruwa ya shanye da saman lakar gefe, ka juye a robar, ka jira laka ta kwanta. Abin da ya fara motsi zaka gani. Ɗan mazari baya kama da uwarsa ko kaɗan, bashi da fiffike sai ɗan toho a baya, ƙafa shida, jiki gajere mai kauri kamar gyare. Na mazarin damina fari-fari ne ko kore-kore mai haske, in ya kusa fita yana kai santimita 2 da rabi, bayansa sumul ba ƙaya, amma a gefen gaɓoɓin ƙarshe akwai ƙayoyi dogaye masu kallon baya. Ka taɓa shi da tsinke ka ga yadda zai yi tsalle gaba fit ba tare da ya motsa ƙafa ba, ruwa yake zuƙa ta duburarsa, ta nan yake numfashi, in ya tsorata sai ya feso shi da ƙarfi ya tura kansa. Leɓensa na ƙasa kuma a naɗe yake ya rufe fuska kamar takunkumi, in ka jefa masa tsutsar sauro ka zuba ido zaka ga ya harbo shi ya cafke ya mayar kafin ka ƙifta. Tsutsar sauro da ƙananan 'ya'yan kwaɗi sune abincinsa. In ka ga siriri mai abu uku kamar ganye a jela, ɗan siririn nan ne na mataki na biyu. In dogo ne ƙato kamar harsashi, na dangin Anax ne. Ka yi hattara da wani babban ƙwaron ruwa mai faɗi kamar kyankyaso, yana da cizo mai zafin gaske, da cokali ake ɗaga komai ba da yatsa ba. In ka gama ka mayar da su inda ka ɗebo su. In fegin shinkafa ne aka yi feshin maganin ƙwari kwanan nan, kar ka yi mamaki in rariya ta fito wayam.

Ta uku, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce saɓa. In ɗan ya gama girma, yawanci cikin dare yake hawowa jikin ciyawa ko kara ko bangon tanki, bayansa ya tsage ya fito ya bar rigar a manne. Ka je da sassafe ka tsuguna ka bi karan da ke tsaye a ruwa da ido, daga saman ruwa zuwa kamar taƙi ɗaya ko biyu, zaka ga ɓawon a bushe da siffar ɗan cif, ƙafafun sun rungume karan, ga tsagar a baya da wasu fararen zare-zare sun fito daga ciki. Wannan ita ce ke nuna ƙwaron ya yi rayuwarsa tun daga ƙwai har fita a wannan ruwan. Ita kam zaka iya ɗauka ba ka cuci kowa ba, ka sa a kwalin ashana da 'yar takarda mai kwanan wata da sunan wurin. Ruwan sama da iska suna kakkaɓe su, don haka washegarin daren da ba a yi ruwa ba ya fi.

Mataki na ƙarshe, rubutu da hoto

Tun kana wurin ka rubuta, kar ka ce sai ka koma gida: kwanan wata, ƙarfe nawa, sunan ƙauye ko unguwa, rana ko hadari, irin ruwan da girmansa da taku, zurfi, akwai kifi ko babu, ciyayin da ke ciki, kamar guda nawa ka gani, da abin da suke yi. Hoto kuma uku ake so in ya samu, ta baya fukafukai a buɗe, ta gefe, da fuska, sannan ka ja baya ka ɗauki ruwan gaba ɗaya. Masu shawagi da waya ta kasa kamawa ka yi musu bidiyo kana kallon sama, daga baya ka tsayar ka ɗauki sikirinshot inda fiffiken baya ya fito, ko inuwarsa kaɗai ta isa a ga akwai mangala ko babu.

Ka kunna lokeshan na kyamara kafin ka fara, sai ka ɗora a manhajar iNaturalist, kyauta ce, akwai masana mazaran Afirka da ke dubawa suna gyara suna. In baka tabbata ba ka sa Odonata kawai, wato sunan dangin gaba ɗaya, su zasu ƙarasa. Sannan ka riƙe kududdufi ɗaya kusa da gida ka riƙa komawa duk sati tun daga ranar da ya cika, ka soka kara a bakin ruwan ka riƙa ganin yadda yake ja da baya, in ka ga ranar da aka zuba ƙwai ka ƙirga sati biyar daga nan ka fara zuwa da asuba da kwalin ashanarka.